Cin Rani a Ƙasan Teku: Yadda Ƙananan Dangin Jatan Lande Ke Tsallake Watannin Yunwa

Duk wanda ya yi wayo a karkara tsakanin shekarun 1990 da farkon 2000 zai tuna ƙyallen tace ruwa da ma'aikatan lafiya suka riƙa rabawa gida-gida a zamanin yaƙi da kurkunu, lokacin da Janar Yakubu Gowon ke bin ƙauyuka yana roƙon jama'a kada su sha ruwan tafki sai an tace. Abin da ƙyallen nan ke tarewa wata 'yar halitta ce da ke haɗiye 'ya'yan tsutsar kurkunu ta ɗauke su a cikinta. In ka ɗebo ruwan tafki a kofin gilashi ka ɗaga shi wajen haske, za ka iya ganinta: ɗigo fari yana tafiya da tsalle-tsalle, ya zabura ya tsaya, ya zabura ya tsaya. Masana suna kiran danginta kofefod, sunan da aka ɗauko daga Girkanci, ma'anarsa mai ƙafar filafili, saboda yadda take tuƙa kanta cikin ruwa. 'Yar uwar ƙaguwa ce da jatan lande, ɓawo ne a jikinta, kuma sai ta yi saɓa irin ta maciji kafin ta girma.

Na tafkinmu tsiraru ne a cikin dangi. Akasarin kofefod a teku suke, kuma an san ire-irensu sama da 10,000. Yawansu ya kai a ce suna cikin dabbobin da suka fi kowa yawa a doron duniya. Su ne ke tsakanin ƙananan tsirran da ke shawagi a saman teku, waɗanda zan kira gansakukar teku, da kifayen da mutane ke ci. Gansakuka ta yi ƙanƙanta da yawa ga akasarin kifi. Sai kofefod ya ci ta, ya mayar da ita tsoka da mai, sannan kifi ya samu abin kai wa baki.

Matsalar kofefod ita ce abincinsa ba ya zama. A arewacin tekun Atlantika, wajen Nowe da Ayislan da Kanada, watannin hunturu duhu ne da guguwa. Iska na dama ruwan har can ƙasa, gansakukar da ke ciki ba ta samun hasken da zai ishe ta tsiro. Amma wannan damawar ce ke taso da takin da ya kwanta a ƙasa, wato sinadaran naitiret da fosfet. Da rana ta fara daɗewa a sama wajen Afrilu zuwa Mayu, ruwan sama ya ɗan yi ɗumi ya daina cakuɗa da na ƙasa, sai gansakuka ta ɓarke da yaɗo. Teku yakan koma kore har tauraron ɗan'adam ya ɗauki hotonsa daga sama. Bayan 'yan makonni taki ya ƙare, abin da ba a ci ba ya nutse ko ya ruɓe. Kaka ce ta makonni kaɗan, sai rani mai tsawo, kuma wannan amfanin gona ba ya shiga rumbu.

Kafin a kai ga babbar dabara, akwai ƙananan dabaru na yau da gobe. Ga halittar da ba ta wuce milimita biyu ko uku ba, ruwa ba kamar yadda muka san shi yake ba. Kauri yake yi mata kamar zuma. An daɗe ana ɗauka kofefod rariya kawai yake riƙe da ita, duk abin da ya faɗa ya haɗiye, har sai da aka fara ɗaukarsa da kyamara mai saurin gaske wajen 1980. Sai aka ga yana kaɗa gaɓɓan bakinsa ya jawo ruwa, yana jin ƙamshin abin da ke tahowa tun kafin ya iso, ya kama wanda ya yi masa, ya ture wanda bai yi masa ba. Yana iya ƙin gansakuka mai guba. Wani irin da ke zaune a gaɓar teku, Acartia tonsa, yana da salo biyu. In gansakuka ta yi yawa sai ya yi ta kaɗa ruwa yana kiwo. In ta yi ƙaranci sai ya daina motsi, ya bar jikinsa yana nutsewa a hankali, ya baza dogayen gashin kansa yana sauraron motsin ruwa, da wata 'yar halitta mai iyo ta gifta ya kai mata cafka. Makiyayi ya koma mafarauci ke nan. In abu ya ƙara tsanani, wasu ire-iren suna cin ƙwan 'yan uwansu, har da nasu. Da babu gara ba daɗi.

Yawan abinci ma ba shi ne kyansa ba. A 1999 masu bincike na cibiyar nazarin halittun teku ta Nafoli a Italiya suka ba da rahoton cewa a tekun Adiriyatik, lokacin da wani nau'in gansakuka mai ɓawon gilashi ya cika ruwa, kofefod sun ci sun ƙoshi sun yi ƙwai da yawa, amma kashi 12 cikin ɗari kawai suka ƙyanƙyashe, alhali bayan wucewar yaɗon kashi 90 ne ke ƙyanƙyashewa. Gansakukar na fitar da wani sinadari idan an tauna ta, wanda ba ya kashe uwar amma yana lalata ƙwan. An yi ta muhawara a kan yawan faruwar haka a sauran tekuna, amma ya nuna cewa ita ma ciyawar tana da nata makamin.

Sai tafiyar dare. Abinci a sama yake inda haske yake, kuma a nan ne kifi ke gani ya kama. Saboda haka kofefod da kiril, wani ɗan uwan jatan lande da ke yawo garke-garke a teku, da sauran ƙananan halittu da yawa suna wuni a ƙasa cikin duhu, magariba ta yi su hauro su ci, kafin gari ya waye su koma. A lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin ruwan Amurka masu neman jiragen ƙarƙashin ruwa da na'urar aika sauti sun riƙa ganin wani abu kamar ƙasan teku a inda taswira ta ce akwai sauran zurfi, kuma wannan ƙasan ƙarya yana hawa da dare ya sauka da rana. Daga baya aka tabbatar taron halittu ne, kifaye da kiril da makamantansu. Abin da ya fi burge ni a nan wani bincike ne da aka yi a mashigin Dabob na jihar Washinton ta Amurka a kan wani kofefod mai suna Metridia pacifica. An kamo waɗanda suka hauro da dare da waɗanda suka zauna a ƙasa, aka auna man jikinsu. Waɗanda suka ƙi hawa su ne masu ƙiba. Ramammun ne ke sayar da rai su je saman. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Duk waɗannan na tsallake yunwar kwana ɗaya ne ko mako. Yunwar wata shida sai da shiri na daban, kuma babu wanda aka yi wa nazari a wannan fanni kamar wani kofefod mai suna Calanus finmarchicus. Wani babban limamin coci na birnin Tironhaim a Nowe, Johan Ernst Gunnerus, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1770, ya raɗa masa sunan lardin Finmak na arewacin Nowe. Girmansa kamar ƙwayar shinkafa ƙarama, milimita 2 zuwa 4. Jikinsa garau yake, ana ganin cikinsa ta madubin ƙara girman abu. Daga ƙwai zuwa balaga yana bin matakai 12, yana saɓa tsakanin kowane mataki da na gabansa: shida na jarirantaka, biyar na tasowa, na ƙarshe balaga.

A mataki na 11, saura saɓa ɗaya ya balaga, a nan hanya ke rabuwa. Wasu su wuce su balaga su hayayyafa a wannan shekarar. Akasari kuwa sai su dakatar da girma su duƙufa ci. Abin da suka ci ba ya tafiya ga tsoka ko ƙwai, mai yake zama, yana taruwa a wata jaka da ta miƙe tsawon jikin kamar tandu. Idan ka duba wanda ya gama shiri a ƙarƙashin madubi, jakar nan ta cika cikin har ta ture hanji gefe, tana sheƙi, wani lokaci da ɗan ja-ja. In aka busar da shi aka auna, man na iya kai rabin nauyinsa ko fiye. Kuma ba irin kitsen da ke jikinmu ba ne. Wani mai ne dangin kakin zuma, wanda ke ɗaukar ƙarfi mai yawa a ɗan wuri kuma yana jure ajiya.

Daga tsakiyar shekara sai su fara sauka. A tekun Nowe suna kai zurfin mita 500 zuwa sama da 1,000, inda ruwa ke kusa da digiri sifili, wani wurin ma ƙasa da haka. A can sai kofefod ya rataye cikin ruwa ba motsi. Ya daina ci, hanjinsa ya tsuke, numfashinsa ya ragu ƙwarai. Haka zai zauna wata biyar, shida, har fiye, yana lasar tandunsa kaɗan-kaɗan. Bahaushe zai gane wannan tsari. Cin rani ne, barin gida a lokacin da gida ba shi da abin ba ka, sai dai shi wannan ɗan cin ranin ba nema ya tafi ba, kwanciya ya tafi yi a inda kwanciya ta fi arha. Sanyi na rage yawan man da jiki ke ƙonawa, duhu kuma na ɓoye shi daga kifin da ke farauta da ido.

Akwai wata tambaya da ta kamata mai karatu ya yi: mai ai yana tasowa saman ruwa, to ta yaya halittar da ta cika cikinta da mai za ta zauna a zurfin kilomita guda ba tare da ta yi ta iyo ba? In kuwa sai ta yi iyo, guzurin zai ƙare tun kafin hunturu ya raba. Amsar tana cikin irin man. Wannan mai dangin kaki yana matsewa a ƙarƙashin nauyin ruwa da sanyi fiye da yadda ruwan teku ke matsewa. A sama yana ɗaga kofefod, dole ya yi aiki kafin ya nutsa. Da ya wuce wani zurfi, man ya matse ya yi nauyi, sai jikin ya daidaita da ruwan da ke kewaye da shi, ba ya hawa ba ya sauka. Guzurin shi ne kuma anga. A wani ɗan uwansa na tekun Antatika an nuna cewa man yakan daskare ma a can ƙasa, kamar man shanu a cikin hunturu.

Tashinsa ya fi kwanciyarsa ɗaure kai. A zurfin mita 1,000 babu hasken rana da zai gaya masa kwanaki sun fara tsawo, zafin ruwan kuma kusan ɗaya ne duk shekara. Duk da haka, wajen Janairu zuwa Maris, sai su farka, su yi saɓar ƙarshe su balaga, su kama hanyar sama. Maza kan riga mata, a hanya ake barbara, kuma namijin ba ya daɗewa bayan haka. Masana sun kasu a kan abin da ke tayar da su. Wasu sun fi karkata ga agogon cikin jiki, wasu ga man kansa, wato idan ya ragu zuwa wani mizani sai jiki ya san lokaci ya yi. Haka ma saukar: tsawon yini kaɗai bai isa ya bayyana ta ba, domin a wurare daban-daban suna sauka a watanni daban-daban, shi ya sa ra'ayin cewa cikar jakar mai ce ke ba da izinin tafiya ya samu karɓuwa. Ko ma wanne ne, abin lura shi ne kofefod yana barin ƙasa tun kafin abinci ya fito a sama. Caca yake yi a kan cewa bana za ta yi kama da bara.

Dangin Calanus uku ne suka fi yawa a can arewa mai tsananin sanyi, kuma kowanne da irin cacarsa. Finmarchicus na ruwan Atlantika ne, akasarin ƙwan da macen ke yi daga abin da ta ci a ranar ne, hannu baka hannu ƙwarya. In ta dace da yaɗon gansakuka tana iya zuba ƙwai gommai a kwana ɗaya, in ta yi sammako da yawa sai kaɗan. Calanus hyperboreus na can tsakiyar ruwan ƙanƙara, shi ne babbansu, ya ninka finmarchicus tsawo. Shi bai dogara ga kakar bana ba sam. Macen tana yin ƙwai a can ƙasa cikin hunturu daga man da ta tara, ba tare da ta ci komai ba, ƙwan su taso sama da kansu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Farashin wannan tabbaci shi ne jinkiri: yana iya ɗaukar shekara biyu zuwa huɗu ko fiye kafin ya balaga, yana sauka yana hawa kowace shekara. Wasu ire-iren Neocalanus na arewacin tekun Fasifik sun kai abin ƙarshe, domin baligansu ba su da ma bakin da zai iya tauna abinci.

Na ukun, Calanus glacialis, shi ne mai dabarar da ta fi kyau kuma ta fi saurin karyewa. Yana zaune a gefen tekun Aktik inda ƙanƙara ke rufe ruwa. A can kaka biyu ce. Ta farko gansakukar da ke tsirowa a jikin ƙanƙara ta ƙasa, da zarar haske ya fara ratsa ta wajen Afrilu. Ta biyu gansakukar cikin ruwa, wadda sai ƙanƙara ta narke take fitowa. Binciken da aka yi a wani mashigi na tsibiran Sibalbad na ƙasar Nowe a 2007 ya nuna uwaye suna cin ta farko su yi ƙwai, sannan 'ya'yan su kai girman cin abinci sosai daidai lokacin da ta biyu ta fito, kimanin wata biyu bayan haka. Yanzu a ce ƙanƙara ta narke da wuri. Kaka ta farko ba za ta matso ba, domin fitowar rana ce ke sa ta, rana kuwa ba ta canza lokacinta. Ta biyu ce za ta matso. Sai tazarar ta tsuke, abinci ya zo ya wuce 'ya'yan ba su kai ba.

A kudancin duniya kiril ya bi wata hanya dabam. Kiril na Antatika ya fi kofefod girma nesa ba kusa ba, yana kai santimita 6, yana rayuwa shekara biyar ko fiye. Shi ma yana tara mai, yana rage numfashi a hunturu, yana kankare gansakuka daga ƙasan ƙanƙara, yana ma sauka ya ci tarkacen da ya kwanta a ƙasa. Amma yana da abin da kofefod ba shi da shi. Kofefod in ya balaga ya gama saɓa. Kiril kuwa har ya mutu yana yi. Don haka in yunwa ta yi tsanani, sai ya narkar da tsokar jikinsa ya rayu da ita, in ya zo saɓa ya fito da ɓawon da ya fi na da ƙanƙanta. Bahaushe ya ce gaiwa jikinta take ci in tafki ya ƙafe, to ga wanda ke yin haka har a iya auna shi da ma'auni. A wani gwaji da aka buga a 1982, an ajiye kiril kwana 211 ba abinci, suka rayu suna ta raguwa. Wannan ya rikita masu ƙididdiga, domin ba za ka iya sanin shekarun kiril daga tsawonsa ba, ƙaramin da ke hannunka yana iya zama tsoho da ya sha wuya. Ido ne kawai ba ya raguwa tare da jiki, saboda haka akan kwatanta girman ido da tsawon jiki a gane wanda ya yi yunwa. 'Ya'yan kiril na shekarar farko ba su da wannan jimiri. Ba su da man da zai kai su, rayuwarsu a hunturu ta rataya ne a kan gansakukar ƙanƙara.

Kofefod na gaɓar teku, inda ruwa ba shi da zurfin da za a ɓuya, sukan bar wa ƙwai aikin. Uwa ta yi ƙwai mai tauri ya nutse cikin laka, ita ta mutu, shi ya jira watanni ko shekaru. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a ƙasar nan sun san irin wannan ƙwai ko da ba su san labarinsa ba: garin Artemia da suke saye a gwangwani, su zuba a ruwan gishiri su sa iska, washegari ya zama abincin 'ya'yan kifi, ƙwan wani ɗan uwan jatan lande ne na tafkunan gishiri, da yawansa daga babban tafkin gishiri na jihar Yuta ta Amurka ake kwaso shi.

Yadda aka san waɗannan dabaru sun fara cin karo da sauyin yanayi, wata na'ura ce mai sauƙi ta tona. A 1931 wani masani Baturen Ingila, Alister Hardy, ya fara rataya wa jiragen kasuwanci wani akwatin ƙarfe suna ja a bayansu, a zurfin da bai wuce mita 10 ba. Ruwa na shiga ta ɗan rami a gaba ya ratsa ƙyallen siliki da ke naɗewa a hankali, duk abin da ya maƙale ya naɗe tare da shi. Ƙyallen tace ruwa ne dai, irin namu na kurkunu, sai dai wannan ana warware shi a birnin Filimat na Ingila a ƙirga abin da ya kama. Har yau ana yi, kuma kusan ba a canza fasalin na'urar ba, shi ya sa ake iya kwatanta na bana da na shekara sittin da suka wuce. A 2002 masu nazarin wannan taska suka nuna cewa a arewa maso gabashin Atlantika, kofefod masu son ɗumi sun matsa arewa da kimanin kilomita 1,000 cikin shekara 40, masu son sanyi kuma sun ja baya. A Tekun Arewa, tsakanin Birtaniya da Nowe, finmarchicus ya ragu ƙwarai, ɗan uwansa helgolandicus ya yawaita.

A ido kusan ba a bambanta su biyun, amma ga kifi bambancin babba ne. Helgolandicus ba ya tara mai kamar ɗan uwansa, kuma yawansa yana kaiwa ƙololuwa ne can gaba a shekara. 'Ya'yan kifin kod kuwa suna ƙyanƙyashewa ne a farkon shekara, kuma da zarar kwanduwar da suka fito da ita ta ƙare, kwanaki kaɗan gare su su samu abin da bakinsu zai iya haɗiyewa, wato jariran kofefod. Tun 1914 masanin kifi ɗan Nowe Johan Hjort ya ce waɗannan kwanaki ne ke yanke yawan kifin da za a kama shekaru masu zuwa, daga baya David Cushing na Ingila ya faɗaɗa maganar zuwa batun dacewar lokaci da saɓaninsa. Kamun da ya wuce kima shi ne babban abin da ya durƙusar da kod a Tekun Arewa, kada a ɗora wa kofefod laifin mutane, amma canjin abincin ya sa farfaɗowar ta yi wuya. Busasshen kifin Nowe mai tauri kamar icce da ake sarawa a kasuwanninmu, kod ne da ke zuwa tsibiran Lofoten yin ƙwai, kuma jariran finmarchicus ne abincin farko na 'ya'yansa. Titus da shawa na cikin kwalin ƙanƙara kuwa kai tsaye suke kiwon Calanus, maiƙon da ke ɗiga a kasko wani ɓangarensa daga tandun nan ya fito.

Misalin da ya fi ban tausayi a gabashin Amurka da Kanada yake. Akwai wani nau'in wel, wato ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, ta arewacin Atlantika da ba ta kai 400 da suka rage a duniya ba. Duk girmanta, babban abincinta finmarchicus ne na mataki na 11, mai cikakken tandu, kuma sai ya taru cunkus kafin buɗe baki ya biya mata wahala. Shekara da shekaru tana samunsa a mashigin Fandi da tekun Mein. Daga wajen 2010 ruwan ƙasan wurin ya yi ɗumi. Kofefod da ya kwanta a ruwa mai ɗumi yana ƙona mansa da sauri, kamar wanda ya ɗauki guzurin wata shida farashi ya ninka a hanya. Taron ya ragu, dabbobin suka bi abinci arewa zuwa mashigin San Lorans, inda babu dokar da aka tanada don kare su daga jiragen ruwa da igiyoyin masu kamun ƙaguwa. A 2017 an samu gawar 12 a ruwan Kanada, wasu 5 a na Amurka. A kakar haihuwa ta 2018 ba a ga jariri ko ɗaya ba. Sai da Kanada ta sa wa manyan jirage dokar rage gudu a yankin.

Kada a ɗauka wannan duk labarin ƙasashen ƙanƙara ne. A gaɓar Gana da Kodebuwa ruwan sama mai ɗumi ne kuma ba shi da taki a akasarin shekara. Amma daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasa mai sanyi yana tasowa, gansakuka ta yaɗu, sai ga wani kofefod da aka daɗe ana kira Calanoides carinatus ya cika ruwan, alhali watannin baya ba a ganinsa. Daga zurfi ya fito, inda ya yi nasa cin ranin a mataki na 11 da jakarsa ta mai, daidai irin na ɗan uwansa na Nowe. Yana hayayyafa zuriya bayan zuriya cikin makonni, da ruwa ya fara ɗumi kuma ya sake nutsewa. Abin da ke korarsa a nan zafi ne da ƙarewar abinci, domin ba ya jure ruwan da ya wuce kimanin digiri 23. Watannin nan uku su ne kakar sardinela, ƙaramin kifin da masunta ke saukewa a Tema da Elmina, mata su yi bandarsa, motoci su kai shi Nima da zangon Kumasi har Tamale. Wani nazari da aka buga a 2008, wanda ya bi bayanan da aka tara a ruwan Gana daga 1969 zuwa 1992, ya nuna yawan ƙananan halittun nan a lokacin tasowar ruwa yana raguwa yayin da saman teku ke ƙara ɗumi. Kamun sardinela ma ya faɗi sosai tun daga shekarun 1990, ga yawan kwale-kwale, ga manyan jirage masu kwashe har 'ya'yan kifi. Gwamnatin Gana ta shigo da hutun kamun kifi, wanda a shekarun baya-bayan nan ya riƙa faɗawa a watan Yuli, daidai lokacin da kofefod ke haurowa daga ƙasa, sardinela kuma ke cika ciki tana shirin zuba ƙwai.